Ranar da Dandamali Ya Juya wa Jama'a Baya

In dai cika baki ake magana, to a unguwar nan kaf babu wanda ya kama ƙafar kafintan da ake kira Ƙusa-Ɗaya. Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa, don kullum cewa yake duk kafintan da ya buga ƙusa biyu a inda ɗaya za ta isa, ɓarnar ƙarfe kawai yake yi. Ɗan tsamurmuri ne, fensir a bayan kunne ko wanka zai shiga, ga murya kamar ya haɗiyi lasifika. Tsakani da Allah hannunsa ba laifi in kujera ce ko tebur. Matsala tana farawa ne daga ranar da ya ce ya yi wani tunani.

A bayan kasuwa akwai wani ɗan ɗakin wasan kwaikwayo mai cin mutum ɗari da ashirin in an matsu. Duk hutun ƙarshen shekara mutanen unguwa sukan shirya wasa mai waƙe-waƙe a ciki, ƙarƙashin wata tsohuwar malamar makaranta da kowa ke ce wa Malama. Ita ke rubuta wasan, ita ke kaɗa fiyano, ita ke yi wa kowa faɗa. Matar Ƙusa-Ɗaya tela ce. Shekara goma sha ɗaya tana ɗinka musu kayan wasa, tana kuma tsayawa a layin baya cikin 'yan amshi, inda ko ɗankwalinta ba a cika hangowa ba. Bana ne Malama ta ji ta tana rera waƙa ƙasa-ƙasa a kan keken ɗinki, ta tsaya ta saurara, ta ce mata ita za ta yi waƙar uwa. Wannan waƙa kuwa ita ce zuciyar wasan: mace ita kaɗai a falo, a bakin taga, tana jiran ɗanta da zai dawo hutu a jirgin ƙasa.

Tela ta dawo gida baki har kunne, ta fara ba mijinta labari. Bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya miƙe ya ce matar Ƙusa-Ɗaya ba za ta yi waƙa a kan dandamali irin na kowa da kowa ba. Shi ya taɓa zuwa gyaran kujeru a wani babban gidan wasa a birni, ya ga dandamali mai juyawa: faifan katako ƙato a kan tayoyi, bango a tsakiya, wannan ɓangare tashar jirgi, wancan falo. A juya kawai, sai ga ta ta bayyana a gaban jama'a kamar a mafarki.

Ta ce, "Baban yara, ni dai waƙar nan kawai nake so in yi. Ka taimaka ka bar mini ƙasa a inda take."

Ya ce ai ita ba ta san harkar ba, ta bar masa komai.

Kafin ya isa wurin Malama labarin ya yi ƙiba. A gida ganin faifan ya yi, a hanya ya zama ya taya su haɗawa, a gaban Malama kuwa shi ya haɗa musu shi daga farko har ƙarshe, har manajan wurin ya riƙa roƙonsa ya zauna a birnin. Malama ta dube shi ta saman tabarau ta ce shekara ashirin suna canza kaya a bayan labule ba wanda ya mutu. Ya ce ba wanda ya mutu, amma ba wanda ya rayu. Ya yi ta magana, ya zana a ƙasa, ya zana a bango, har Malama ta gaji ta ce ya je ya yi, amma in ya ɓata mata wasa ko a lahira sai ta neme shi.

Mai gadin wurin, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a ginin, yana gefe yana shara. Ya jingine tsintsiya ya ce yana da 'yar magana. Ginin nan da can wurin wanke motoci ne, daɓen ya gangara baya, wajen magudanar ruwa. Kada a gina abu mai taya sai an auna. Har ma ya ce akwai ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a ciki a ɗakin ajiya, in ana so ya ɗauko.

Ƙusa-Ɗaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, wannan abin na masu koyo ne. Ni idona ne ma'auni."

Ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa gabas ya leƙa yamma, ya sanar cewa daɓen nan a miƙe yake sambal. Yana cikin faɗa fensirinsa ya faɗo daga kunne, ya gangara a hankali, ya wuce ta gaban Malama, bai tsaya ba sai a bangon baya. Kowa ya bi shi da kallo. Ƙusa-Ɗaya ya ce iska ce, a rufe tagogi.

Daga nan unguwa ta shiga uku. Faifan yana bukatar taya goma sha biyu, sai kafinta ya bi gida-gida yana aron baro. Mutane suka ba shi a zaton kaya zai kwasa, sai ga barorinsu an dawo musu da su babu ƙafa. Wani mai lambu cikinsu ya zo har bakin ɗakin wasa yana tambayar yadda zai kai taki da baro gurgu. Aka ce masa ya yi haƙuri, tayarsa za ta shiga tarihi. Ya ce shi bai aike ta tarihi ba, lambu ya saya mata.

Kwana tara ana buge-buge. Faifai ya tashi, bango ya tsaya a tsakiya. A ɓangaren tasha ya sa benci da allon lokutan jirgi. A ɓangaren falo ya sa taga da kujera, sannan ya sa ƙarti huɗu suka ɗauko masa wani shirgegen kabad daga shagonsa, mai madubi da ƙofa uku, wanda ya fi alfahari da shi a duk abin da ya taɓa yi. Malama ta ce a wasanta babu kabad. Ya ce falo babu kabad ai ɗakin jira ne na asibiti. Gaskiyar magana so yake mutum ɗari da ashirin su zauna su kalli aikin hannunsa na tsawon waƙa guda.

Ranar gwajin farko aka tura faifai. Ya juya kam, sai dai da wata irin ƙara da ta sa karnukan bayan kasuwa suka ɗauki haushi. Falo ya zo gaba, tela ta dafa taga, Malama ta fara fiyano. Tela ta buɗe baki ke nan sai aka ga taga ta fara tafiya. A hankali, ba gaggawa, nauyin kabad ya ja falon ya nufi gangara. Kafin ta gama baiti na farko tana fuskantar bangon baya, tana yi wa bokiti da tsintsiyar mai gadi waƙa.

Ƙusa-Ɗaya ya ce laifin Malama ne, tana dukan fiyano da ƙarfi, ƙasa tana girgiza. Malama ta ce in fiyanonta na iya tura kabad, da tuni ta tura shi da mai shi sun koma shago. Aka sake gwadawa ba fiyano, falo ya sake tafiya. Sai ya ce matarsa ce take jan numfashi da yawa. Tela ta sauko ta zauna a kujerar gaba ta naɗe hannu. Mai gadi ya yi tari sau biyu ya ci gaba da shara.

Sai dabara ta zo wa kafinta. Mai fitowa a matsayin shugaban tasha mahauci ne, mutum ne da in ya shigo ɗaki sai haske ya ragu. Ƙusa-Ɗaya ya ce abin mai sauƙi ne: in an zo waƙar uwa, mahauci ya zauna a bencin tasha ta baya, nauyinsa ya rinjayi na kabad. Mahauci ya ce shi an ɗauke shi ne don muryarsa, ba don a auna shi da kayan ɗaki ba. Sai da tela ta roƙe shi da kanta ya yarda, ya ce don ita kawai zai yi, ba don wannan mai fensir ba.

Abin mamaki, daga ranar faifai ya natsu. Gwaji uku a jere ko motsi bai yi ba. Tela ta riƙa yin waƙarta har ƙarshe, shi kuwa gogan yana can baya yana yi wa 'yan amshi bayanin ilimin nauyi da sikeli, da ƙarfin da sai Malama ta daka masa tsawa ya rage murya. Kai ya ƙara girma. Ya gayyaci surukarsa da duk masu baro, ya ce su zo su ga tayoyinsu suna aiki. Ya sa matarsa ta ɗinka masa sabuwar riga fara, ya kuma matsa wa Malama sai da ta yarda a kira shi ya fito ya gaida jama'a in an gama.

Abin da bai sani ba shi ne, duk lokacin da falo ya zo gaba, mai gadi yakan lallaɓa ya cusa wani guntun katako a ƙarƙashin taya ɗaya ya tokare ta. Da safiyar ranar wasa Ƙusa-Ɗaya ya zo zagayen ƙarshe, ya ci karo da guntun katakon a ɓoye a bayan bokiti, ga shatin taya a jikinsa. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ce wannan cin mutunci ne, faifansa ba motar da birkinta ya mutu ba ce. Ya wurga katakon ta bayan katanga. Mai gadi ya ce masa, yaro, ka bar shi ko don matarka. Ya ce matarsa tana da miji injiniya. Don ya ƙara nuna isa, ya ɗauko gwangwanin giris ya bi tayoyin nan goma sha biyu ya dulmiye su, wai kada ƙara ta ba shi kunya a gaban baƙi.

Ƙarfe huɗu na yamma ɗaki ya cika maƙil, har da na tsaye. Surukarsa tana layin gaba da jakarta a cinya. Aka buɗe labule a tasha, mahauci ya rera waƙarsa ta shugaban tasha, 'yan amshi suka amsa, jama'a suka tafa. Aka tura faifai, ya juya shiru sumul, falo ya bayyana da tela a bakin taga. Ɗaki ya ɗauki sowa. Ko surukar sai da ta gyaɗa kai.

'Yan amshi suka koma gefe. Mahauci ya hau ta baya ya nufi bencinsa. Ƙusa-Ɗaya ma ya hau ɓangaren tashar, tunda bango ya kare shi, ya tuɓe rigar aiki ya rage daga shi sai singileti, ya fara zura sabuwar riga don ya kasance a shirye. Malama ta fara fiyano. Mahauci ya zauna.

To bencin nan, kamar duk aikin mai shi, ƙusa ɗaiɗai ce a kowace ƙafa. Ya yi haƙuri da mahauci kwana da kwanaki, ranar haƙurinsa ya ƙare. Sai ji aka yi ƙaras, sannan tim. Mahauci ya mirgina ya sauka daga faifai, ya gangara bai tsaya ba sai a bakin magudana. Kabad ya ga babu mai riƙe shi, ga tayoyi sun sha giris. Wannan karon ba a hankali ya tafi ba.

Tela ta ce "Ɗana" ke nan aka wuce da ita. Abin da jama'a suka gani a madadinta shi ne karyayyen benci da wani mutum a tsaye, singileti a waje, kansa ya maƙale a cikin farar riga, hannuwa a sama. Bai san an juyo da shi ba. Daga cikin rigar yana ta magana da muryar nan tasa, yana gaya wa mahauci, wanda yake zaton yana nan zaune, cewa mutanen unguwar nan ba su san darajar mai ilimi ba, ita kanta Malama in ba don shi ba wasanta ko awaki ba za su kalla ba, surukarsa kuwa yau za ta haɗiye maganganunta.

Kansa ya fito daga wuyan riga, ya yi ido huɗu da surukar.

Ba a ba shi lokacin jin kunya ba, don faifai ya wuce gangara ya haura ɗaya gefen, ya dawo, ya sake komawa kamar lilo. Tela ta leƙo ta hagu ta ɓace, ta leƙo ta dama ta ɓace. Na hagu suka samu rabin kalma, na dama suka samu sauran. Ƙofofin kabad uku suna buɗewa suna rufewa. Malama, don taurin kai, ta ƙi daina fiyano, tana ta maimaita mabuɗin waƙar tana harararsa duk sanda ya gifta. Mai lambu ya miƙe yana nuna wa maƙwabcinsa tayarsa, wai waccan mai gudun ita ce tasa. Mutane suna dariya har da hawaye, yara suna ƙirga zagaye.

Ƙusa-Ɗaya ya diro ƙasa. Yana ɗagowa aka gifto da matarsa daf da shi. Ba ta yi ihu ba, ba ta harare shi ba. Ta riƙe katakon taga da hannu biyu, idonta ya cika da hawaye, bakinta a ɗan buɗe, har yanzu tana jiran inda za ta shiga waƙar. Wannan kallon ya soke shi. Shekara goma sha ɗaya baiwar Allah tana jiran minti biyar, shi ya karɓe ya mayar da ita abin dariya.

Ya ruga baya ya ce wa mahauci ya hau ko a ƙasa ya zauna. Mahauci yana dafe da ƙugu ya rantse ko za a yanka shi ba zai sake taka abin nan ba. 'Yan amshi suka ja da baya gaba ɗaya. Ya tambayi mai gadi katako, mai gadi ya nuna masa katanga da haɓa. Su biyu suka tare faifan da ƙyar, suka turo falo gaba, amma da sun saki sai ya fara zamewa. Ƙusa-Ɗaya ya dubi ƙarƙashin faifan, ya dubi farar rigarsa. Ya kwanta a gaban mutum ɗari da ashirin ya kutsa ciki, ya tokare taya da kafaɗa, ya rungume ta da hannu biyu. Ƙafafunsa kawai suka rage a waje, suna kallon layin gaba, takalmi ɗaya ya cire.

Faifai ya tsaya cak. Dariya ta ɗan ci gaba, sannan ta mutu da kanta. Malama ta sake ɗauko mabuɗin a hankali. Tela ta share ido da bayan hannu, ta ja numfashi, ta fara.

A ƙarƙashin katako, giris yana ɗiga masa a kunne, kabad ɗinsa na alfahari yana danna masa kafaɗa duk sanda ta taka zuwa wancan gefen, Ƙusa-Ɗaya ya ji muryar matarsa tana saukowa ta tsakanin falankai. Tana kiran ɗanta, tana cewa ta share ɗakinsa tun jiya, ta ji kukan jirgi sau uku ba nasa ba ne. Murya ce mai sanyi da kauri, ba ta rawa ko kaɗan. Ɗaki ya yi tsit, ko tari babu. Ya ji wata mata a layin gaba tana jan hanci, ya gane surukarsa ce. Shi kansa sai ya ji idonsa yana zafi, ga shi babu hannun sharewa.

Da ta gama, tafin da aka yi sai da ƙura ta zubo masa a fuska. Ya fara ja da baya zai fito, sai ya ji jama'a suna cewa a maimaita. Mai gadi ya durƙusa ya leƙo ya tambaye shi ko zai iya. Kafaɗarsa ta riga ta mutu, amma ya ce a maimaita, kuma a gaya wa Malama kada ta yi sauri.

Sau biyu aka maimaita. Da aka rufe labule, da ƙafa aka jawo shi, farar riga ta koma baƙa ƙirin. Ba wanda ya kira shi ya gaida jama'a, shi ma bai tuna ba. Masu baro suka tsaya a bakin ƙofa kowa yana jiran tayarsa.

A gida tela ta dafa ruwan zafi tana gasa masa kafaɗa da tawul. Can ya fara cewa in aka duba da kyau, a manyan gidajen wasa ma akan sa mutum a ƙarƙashi. Ta danna tawul ɗin, ya yi ƙara ya bar zancen. Da ya sake buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa.

Ya ce, "Maman yara, ashe haka kike da murya? Wallahi ban taɓa sani ba."

Ta matse tawul a cikin kwano, ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina waƙa a gidan nan, Baban yara. Sai da kabad ya danne ka ka yi shiru ka ji."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, in ba ta gaji ba, ta ɗan sake yi masa baitin farkon, don lokacin giris ya toshe masa kunne ɗaya.